HAKIM OLAJUWON: ƊAN MAI SAYAR DA SIMINTI DA YA ZAMA GWANIN ƘWALLON KWANDO

A shekarar 1978 an yi wani babban taron wasanni a birnin Sakkwato. Makarantun horon malamai na ƙasar Najeriya ne suka haɗu. Sakkwato kuwa ba nesa ba ce, daga Birnin Ƙonni ba ta kai kilometir 100 ba. Cikin yaran da suka zo daga Legas akwai wani dogo siriri mai shekara 15. Sunansa Hakim Olajuwon. Ƙwallon hannu ne ya kawo shi. Amma kafin ya koma gida sai da aka saka shi cikin wani wasa da bai iya ba, wato ƙwallon kwando. Bayan shekara 16 aka zaɓe shi gwani na ɗaya a gasar da ta fi kowace girma a duniya.

Ga labarinsa. Amma bari a fara da wasan kansa, don da yawa cikin masu karatu ba su taɓa ganinsa ba, ko kuwa sun gani a talabijin ba su gane kansa ba.

MENE NE ƘWALLON KWANDO?

Wani malamin makaranta ne ya ƙago wasan a ƙasar Amurka a shekarar 1891. Sunansa Jems Naismit. Lokacin ɗari ne, ɗalibansa ba su iya fita waje, zaman ɗaki ya ishe su. Sai ya samo kwanduna biyu na zuba ƴaƴan itace, ya kafe su sama, ɗaya wannan gefe, ɗaya wancan. Ya raba yaran biyu, ya ce kowane ɓangare ya yi ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin kwando. Daga nan sunan ya samo asali. Yanzu babu kwando na gaske. Kawanya ce ta ƙarfe da raga a jikinta, ƙasanta a buɗe. Tsayinta daga ƙasa metir 3 da santimetir 5, wajen kamu shida ke nan.

Mutum biyar ke karawa da mutum biyar. Filin ƙarami ne, tsawonsa metir 28 da ɗan ƙari, faɗinsa metir 15. Da hannu ake yi, ba a sa ƙafa. Ba a gudu da ƙwallo a rungume. In za ka tafi da shi, sai kana buga shi da ƙasa yana dawowa hannunka. In ka tsaya ka riƙe shi, ƙafa ɗaya za ta zauna inda take kamar turke, ɗayar ce za ta yi ta juyawa. Mai karatu ya riƙe wannan doka da kyau, don za a dawo kanta. In ƙwallo ya shiga kwando an ci maki 2. In daga nesa aka jefo shi, daga bayan wani layi, maki 3 ne.

Babbar gasar wannan wasa a Amurka take, ana ce mata NBA. Wasan shi ne sana'ar ƴan wasan, da shi suke ci, da shi suke sha. Kowace ƙungiya tana yin wasa 82 cikin wata shida. Sannan a ɗebi 16 da suka fi, takwas daga gabas takwas daga yamma, su shiga fid da gwani. A ƙarshe biyu su rage, su yi ta karawa. Wadda ta fara cin wasa 4 ita ke ɗaukar kofi.

MAI TSARON GIDA A LEGAS

An haifi Hakim a Legas ran 21 ga Janairu 1963. Iyayensa Yarabawa ne Musulmi, sana'arsu sayar da siminti. Shi ne na uku a gidan. Ba gidan masu dukiya ba ne, ba kuma gidan yunwa ba. An sa shi makaranta, an kuma hore shi da gaskiya da girmama manya.

Kamar sauran yaran unguwa, ƙwallon ƙafa ya fara. Da yake dogo ne sai aka ba shi tsaron gida. Mai tsaron gida kuwa aikinsa duk a ƙafa yake da ido. Ya yi tsalle dama, ya yi tsalle hagu, ya karanci inda ƙwallo zai bi tun ba a buga ba. Daga baya ya koma ƙwallon hannu, ya yi suna a makarantarsu. Bai san cewa duk wannan guzuri ne yake tarawa ba.

Da suka zo Sakkwato, wani abokin karatunsa ya je ya roƙi mai horar da ƴan ƙwallon hannu ya ara musu dogon nan. Aka ara musu. Yaron bai san dokokin wasan ba. Abu guda ya iya, shi ne in abokin karawa ya jefa ƙwallo, ya yi tsalle ya kaɗe shi kafin ya kai kwando. Aikin mai tsaron gida ke nan, wuri ne kawai ya sake. Tun daga nan wasan ya shiga ransa.

Ana ba da labari cewa wani mai horo ya so koya masa cusa ƙwallo cikin kwando daga sama. Da yake shi mai horon bai kai ba, sai ya taka kujera ya nuna masa. Da aka ce Hakim ya gwada, sai shi ma ya nufi kujera. Haka farkon koyo yake, ba wanda aka haifa da iyawa. Amma cikin shekara biyu ya shiga ƙungiyar samarin Najeriya. A 1980 suka je gasa a ƙasar Angola. Can wani Ba'amurke mai horar da ƴan wasan ƙasar Afirka ta Tsakiya ya gan shi. Ya ce wannan yaro ya kamata ya je Amurka, ya yi karatu, ya yi wasa.

BA WANDA YA TARYE SHI

A Amurka jami'o'i suna da ƙungiyoyin wasa. In yaro ya iya, sai su ɗauke masa kuɗin karatu da ci da kwana, shi kuma ya yi musu wasa. Ta wannan ƙofa ake shiga NBA a wancan zamani.

A watan Oktoba 1980 Hakim ya hau jirgi, yana da shekara 17. Yadda shi da kansa yake ba da labari, a birnin Nuyok ya fara sauka. Da ya leƙa waje, sanyi ya buge shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya koma ciki, ya tambayi wane gari ne yake da zafi kamar Legas. Aka ce masa Hustan, cikin jihar Teksas, can kudu. Ya wuce can. Da ya sauka bai ga kowa ba. Mutanen jami'ar sun sha jin labarin dogaye daga nesa, in sun zo a ga ba haka ba. Don haka ba su wahalar da kansu ba. Da ya buga musu waya, sai suka ce ya hau tasi ya zo. Sai da ya fito daga mota suka ga abin da Allah ya kawo musu.

Tsawonsa a rubuce metir 2 da santimetir 13, kamu huɗu da ɗoriya. In ya tsaya kusa da raƙumi, kansa yana kai tozo. Amma nauyinsa bai kai kilo 90 ba, duk ƙashi ne. Shekarar farko bai buga ko wasa ɗaya na gasa ba. Ta biyu ana saka shi kaɗan kaɗan, don saurin gajiya yake, kuma yana yawan karya doka.

Abin da ya gyara shi wani ɗakin wasa ne na unguwa a Hustan. Lokacin hutu manyan ƴan wasa sukan taru can don kada jikinsu ya mutu. Cikinsu akwai Mozis Malon, ƙato mai ƙarfi, wanda sau uku aka zaɓe shi gwanin NBA. Hakim ya riƙa zuwa yana karawa da shi. Malon bai tausaya masa ba. Ya ture shi, ya buge shi da kafaɗa, ya ƙwace ƙwallo. Gobe Hakim ya dawo. Wanda duk ya koyi kokowa a hannun babban ɗan kokowa ya san wannan makaranta, sai ka sha ƙasa sau ɗari kafin ka san inda ake kama mutum. Ya ci abinci, ya yi jiki, daga baya har ya kai kilo 115.

Da aka koma makaranta sai ga wani Hakim dabam. A 1983 jami'arsu ta kai wasan ƙarshe na dukan jami'o'in Amurka. Kowa ya ce su za su ci. A daƙiƙar ƙarshe aka jefa musu ƙwallo, aka cinye su 54 da 52. Duk da haka shi aka zaɓa gwanin gasar. A 1984 suka sake kaiwa ƙarshe, suka sake faɗuwa. Dogon da ya tare masa hanya a wannan karo sunansa Patrik Yuwin. A riƙe wannan suna.

ƘARFI BA LINZAMI

Kowace shekara ƙungiyoyin NBA suna zama su zaɓi sababbin yara, ɗaya bayan ɗaya. A watan Yuni 1984 ƙungiyar Rockets ta Hustan ce ke da zaɓin farko. Ta ɗauki Hakim. Yaron da aka ɗauka na uku a ranar shi ne Maikal Jodan, wanda da yawa ke cewa ba a taɓa yin kamarsa ba. Duk da haka mutanen Hustan ba su yi da-na-sani ba.

Aka ba shi kwangilar shekara 6 a kan dalar Amurka miliyan 6 da ɗoriya. Kada a ruɗe, ba dalarmu ta tamma biyar ba ce. Dalar Amurka guda a lokacin ta fi tamma 400.

A ƙungiyar ya tarar da wani da ya fi shi tsawo, Ralf Samsan, mai metir 2 da santimetir 24. Su biyu suka zama kamar giginya biyu a bakin kwando. A 1986 suka kai wasan ƙarshe, ƙungiyar birnin Boston ta cinye su 4 da 2. Mutane suka ce ba komi, yara ne, baɗi nasu ne.

Baɗin ba ta zo ba. Gwiwar Samsan ta lalace, aka sayar da shi a ƙarshen 1987. A farkon wannan shekara kuma an kori ƴan wasansu biyu saboda shan ƙwaya. Hakim ya rage shi kaɗai da kaya a kai. Akwai daren da ya ci maki 49 shi ɗaya, amma aka cinye su. Daga 1988 zuwa 1991, sau huɗu a jere, tun a zagayen farko ake fid da su. A 1992 ko shiga fid da gwanin ba su yi ba.

Ba duka laifin abokansa ba ne, a faɗi gaskiya. Hakim na wancan lokaci mai zafin zuciya ne. In an ture shi sai ya rama, in an yi masa magana sai hannu. An sha cin sa tara, an sha korarsa daga fili. A 1986, cikin wasan da zai kai su ƙarshe, ya kama faɗa da wani saura minti biyar a tashi. Alƙali ya kore shi. Samsan ne ya cece su da jifa ɗaya a daƙiƙar ƙarshe. Abokan karawa sun gane lagonsa: a tsokane shi, ya fusata, a kore shi, a huta. Kuma bai yarda da abokan wasansa ba. In mutum uku suka kewaye shi, ya gwammace ya jefa da kansa da ya miƙa wa wanda ke tsaye babu mai tsaronsa. Ingarman doki ne, amma ba linzami.

HARAFI ƊAYA

Tun zuwansa Amurka ana rubuta sunansa Akeem. Haka yake a takardu, haka yake a jaridu, shekara goma. A watan Maris 1991 ya ce a ƙara harafin H a farko, ya zama Hakeem, wato Hakim, mai hikima. Ƴan jarida suka ce ya sake suna. Ya ce musu bai sake ba, gyara kuskure ya yi.

Harafi ɗaya ne, amma alama ce ta abin da ke cikin zuciyarsa. Shi da bakinsa ya faɗa cewa a shekarunsa na farko a Amurka ya yi sakaci da addini. Ga kuɗi, ga suna, ga ƙuruciya, ga nisa da gida. Daga baya ya sami masallaci a Hustan, ya fara zuwa, ya koma karatun Alƙur'ani, ya je Makka. In ƙungiya za ta yi tafiya yakan ɗauki abin sallarsa da ƴar na'urar nuna alƙibla. A farkon 1991 ɗin ma wani ya buge shi da gwiwar hannu a fuska, ƙashin idonsa ya karye. Ya yi wajen wata biyu a zaune. Yana kallo, abokansa da ya rena suna cin wasa ba tare da shi ba.

Ba a dare ɗaya ya sake ba. A 1992 ya ce ya ji ciwo a cinya. Shugabannin ƙungiya suka ce ƙarya yake, ƙarin kuɗi yake so, suka dakatar da shi. Wannan magana ta yi masa zafi ƙwarai. Ya ce a sayar da shi ga wata ƙungiya. Saura kaɗan a rabu. A watan Nuwamba ƙungiyar ta tafi wasa ƙasar Japan, tafiyar da ta fi awa goma cikin jirgi. Shi da mai ƙungiyar suka zauna wuri ɗaya, ba wurin gudu. Kafin a sauka sun shirya.

Daga nan faɗa ya ragu. A ture shi, ya tashi ya ci gaba. In an kewaye shi, ya miƙa wa wanda ke waje, shi kuma ya jefa ta maki 3. Abokan karawa suka rasa ta yi. In sun bar shi da mutum ɗaya ya cinye su, in sun taru a kansa abokansa su cinye su.

Yanzu a dawo kan dokar turke. Sauran dogaye da ƙarfi suke ture mutum har bakin kwando. Shi Hakim da ƙafa yake wasa. Ya karɓi ƙwallo ya ba kwando baya. Ƙafa ɗaya tana kafe. Ya girgiza kafaɗa kamar zai bi dama, mai tsaronsa ya bi dama. Ya juyo hagu. Ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, mai tsaro ya yi tsalle. Shi kuwa bai bar ƙasa ba. Sai wancan ya tafi sama a banza, sannan ya sunkuya ta ƙarƙashin hannunsa ya ajiye ƙwallo cikin kwando. Kamar ɗan kokowa ne da zai nuna maka ƙafar dama yake so, sai ka ji an ɗauke ta hagu. Amurkawa suka sa masa laƙabin Mafarki. Shi kuwa ya sha faɗa cewa daga filin ƙwallon ƙafa na Legas ya zo da wannan ƙafa.

KOFI BIYU

Gasar 1993 zuwa 1994 Rockets suka fara ta da cin wasa 15 a jere. A ƙarshenta aka zaɓi Hakim gwanin shekara. Shi ne na farko da aka haifa a wajen Amurka da ya sami wannan girma. Ranar da za a ba shi kyautar ya ƙi karɓa shi kaɗai, sai da ya kira dukan abokan wasansa suka hau tare.

A wasan ƙarshe suka gamu da ƙungiyar Nuyok. Dogonsu kuwa shi ne Patrik Yuwin, wanda ya hana shi kofi shekara 10 da suka wuce. Nuyok suka ci 3, Hustan 2. In Nuyok suka ƙara ɗaya magana ta ƙare. A wasa na shida Hustan na gaba da maki 2 kacal, saura daƙiƙa biyu ko uku. Wani ɗan Nuyok, Jon Staks, wanda hannunsa ke ci a daren, ya sami ƙwallo a nesa ya tashi zai jefa ta maki 3. In ta shiga, kofi ya tafi. Hakim ya baro inda yake, ya miƙe iya tsawonsa, ya taɓa ƙwallon da ƙarshen yatsa. Ƙwallo bai kai kwando ba. Suka ci wasa na bakwai 90 da 84. Kofin farko ke nan a tarihin ƙungiyar. A shekara ɗaya ya haɗa kyauta uku: gwanin shekara, gwanin tsaro, da gwanin wasan ƙarshe. Kafinsa ba wanda ya taɓa haɗa su.

A 1995 azumi ya kama daga farkon Fabrairu. Ɗan wasa yana gudun wajen kilometir 4 a wasa ɗaya, ban da tsalle da turereniya, gumi kamar an watsa masa ruwa. In wasan dare ne da sauƙi, an riga an sha ruwa. Amma akwai wasannin rana. Hakim yakan yi su da azumi a bakinsa, ko kurɓi ɗaya ba ya yi. Manomin da azumi ya taɓa riska yana tsakiyar huɗa ya san abin da ake nufi. Amurkawa suka ce zai yi rauni. Da watan ya ƙare, shi aka zaɓa gwanin watan Fabrairu a duk NBA, yana cin kusan maki 30 kowane wasa. Jiki dai jiki ne, a ƙarshen Maris ya yi fama da ƙarancin jini, ya bar wasa na ƴan kwanaki.

A wannan shekara ƙungiyar ba ta yi ƙarfi ba, ta shida ta zo a yamma. Ba wanda ya sa musu rai. Suka fid da ƙungiya ta farko da kyar. Ta biyu ta yi musu 3 da 1, suka farfaɗo suka ci uku a jere. Ta uku ita ce ta birnin San Antoniyo, mai dogo Debid Robinsan, wanda aka ba kyautar gwanin shekara a gaban idon Hakim. Cikin wasa shida da suka yi, Hakim ya riƙa cin maki 35 a wasa, in an yi matsakaicin lissafi. Ya yi ta juya Robinsan kamar waina a tanda. A ƙarshe suka gamu da ƙungiyar Olando mai Shakil Onil, saurayi ɗan shekara 23 da ya fi kilo 130. Suka share su 4 da babu. Har zuwa 2025 ba wata ƙungiya da ta taso daga matsayi na shida ta ɗauki kofi sai su.

Akwai masu cewa don Maikal Jodan ya bar wasa ne Hakim ya sami kofi. Gaskiya ne Jodan ya tafi a ƙarshen 1993. Amma ya dawo a watan Maris 1995, kuma Olando ce ta fid da shi. Olandon nan kuwa ita ce Hustan ta share. Wannan magana tasu ba ta da ƙafa.

TAKALMI DA RIBA

Manyan ƴan wasa suna samun kuɗi masu yawa wajen kamfanonin takalmi. A sa sunansu a jiki, yara su yi ta rububi. A 1995 irin wannan takalmi yana kai dalar Amurka 120, wajen jikka 60 ke nan a kuɗin sefa na lokacin. A wasu unguwannin matalauta har kashe yaro an yi don a cire masa takalmi. Hakim ya ce ba da shi ba. Ya shirya da kamfanin Spalding aka yi nasa a kan dala 35, jikka 17 da rabi. Hujjarsa ita ce uwa matalauciya mai yara uku ba ta iya sayen mai tsada, kuma in ba ta saya ba yaran na iya sata. Takalmin bai yi farin jini kamar na Jodan ba, don yara mai tsadar suke so. Amma bai janye maganarsa ba.

Ya zuba dukiyarsa cikin sayen filaye da gidaje a Hustan. Ba ya cin bashin banki mai ruwa, da kuɗi hannu yake saye. A 1994 ya sayi wani tsohon ginin banki a tsakiyar birnin, aka gyara shi ya zama masallaci, aka buɗe a 2002.

Abu ɗaya ya sosa ran wasu ƴan Najeriya. A 1993 ya karɓi takardar zama ɗan Amurka. A 1996, a wasannin Olamfik na birnin Atlanta, rigar Amurka ya sa, ya ci lambar zinariya. Wasu suka ce ya manta gida. Allah da ikonsa, a wannan taro ne Najeriya ta ci zinariyar ƙwallon ƙafa.

BAYAN WASA

Shekara 17 ya yi a Rockets, ta 18 a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Ciwon baya ya sa ya ajiye a 2002, yana da shekara 39. Jimillar makinsa 26,946. Ƙwallon da ya kaɗe kafin ya kai kwando 3,830. Tun da aka fara ƙidayar wannan a 1973, har zuwa 2025, ba wanda ya kai shi. Mai bi masa ma ɗan Afirka ne, Dikembe Mutombo na ƙasar Kwango, mai 3,289, wanda ya rasu a 2024. Rockets suka jingine lambar rigarsa, 34, ba wanda zai ƙara sa ta.

Ya kwashi iyalinsa ya yi zama a ƙasar Jodan don karatun Larabci da addini. In ya zo Hustan, manyan ƴan wasa sukan bi shi har gida ya koya musu ƙafa. Kobi Birayan ya je a 2009, Lebron Jems a 2011. A Kamaru wani yaro mai suna Jowel Embid, shi ma da ya fara wasa yana wajen shekara 15, ya yi ta kallon faifan Hakim yana kwaikwayo. A 2023 shi ma aka zaɓe shi gwanin shekara. Amma dogayen samarinmu su sani ƙofar matsattsiya ce. Ƙungiya 30 ce, ƴan wasa wajen 450, kuma sababbi 60 ake zaɓa a shekara daga duk duniya.

Ran 1 ga Agusta 2015 NBA ta kawo wasanta na farko ƙasar Afirka, a birnin Johanasbag. Ƴan Afirka a gefe ɗaya, sauran duniya a gefe ɗaya. Ana cikin wasa sai ga dattawa biyu sun fito cikin tsofaffin rigunansu, Mutombo da Hakim. Hakim yana da shekara 52. Aka miƙa masa ƙwallo. Ya ba kwando baya, ya kafe ƙafa ɗaya, ya girgiza kafaɗa, ya juyo ya jefa. Ƙwallo ya shiga. Ƴan kallo da ƴan wasa suka ɗauki sowa. Bayan ƴan mintoci ya koma ya zauna yana dariya.